Taifot Da Ke Huda Hanji

Daga Tina Junction zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo ba wata tafiya ba ce, amma yaran da taifot ya huda wa hanji sau da yawa sai ciwo ya ci ƙarfinsu ake kai su. Zazzaɓi ya kama yaro, a je kemis, a yi gwajin Widal, wanda tun 1896 aka ƙirƙiro shi kuma likitoci sun daɗe da sanin yana yaudara, a sayo ƙwayoyi a sha rabi a ajiye. Cikin mako na biyu ko na uku ƙwayar cutar ta cinye bangon ƙarshen ƙaramin hanji, ƙazanta ta zube cikin ciki.

Alamun a fili suke. Ciki ya kumbura ya yi tauri kamar katako, yaro ya ƙi yarda a taɓa shi, amai ya biyo baya. Hoton ƙirji kan nuna iskar da ta tsere daga hanji ta taru ƙarƙashin tantanin numfashi. Daga nan likitan tiyata zai ƙara wa yaron ruwa, ya ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta, sannan ya buɗe ciki ya wanke, ya ɗinke hujin ko ya yanke ɓangaren da ya lalace. Kowace sa'a da aka ɓata tana rage damar tsira.

Tushen matsalar gurɓataccen ruwan sha ne, gyaransa kuma yana wuyan gwamnatin Filato. Iyaye kuwa, zazzaɓin da ya haɗu da ciwon ciki mai tsanani, a garzaya da yaro asibiti a ranar, kada a kwana.