Rawani da rairayi ba su ne dukan labari ba

Duk wanda ya duba hotunan makaɗan gitar Sahara a mujallun Turai da Amurka, abu guda zai riƙa tararwa: rawani, tudun rairayi, wani sa'in har da raƙumi. Haka aka yi wa Tinariwen, haka ake yi wa ƴaƴan jahar Tawa, su Mdou Moctar da Les Filles de Illighadad na yankin Abalak. Hotunan suna da kyau, amma rabin gaskiya suke faɗi. A Sakkwato Mdou Moctar ya naɗi kundinsa na farko, Anar, a 2008, da salon waƙoƙin finafinan Hausa, kuma ta wayoyin salula waƙoƙin suka bazu. Sai ga shi an yanke birni da kasuwa da gidan biki daga hoton, saboda hamada mai saye yake so.

Laifin kuwa ba na baƙo kaɗai ba ne. Philippe Koudjina ya bar wa Yamai hotunan dararenta na shekarun 1960 da 1970. Tawa, garin gasar Ɗan Gurmu, a wane ɗaki ɗalibi zai je ya ga fuskokin makaɗanta? Wajibi ne ƙungiyoyin al'adu su bi masu hoton gari da iyalansu, su tattara abin da ya rage a akwatuna, su rubuta suna da shekara, malamai kuma su kai shi aji. Garin da bai adana hotonsa ba, da wanda baƙo ya ɗauka za a san shi.