Katin 'Yan Aji a Amurka: A Cire Alewa, a Bar Yaro Ya Yi da Hannunsa

A makarantun firamare na Amurka, ranar 14 ga Fabrairu, ranar masoya, ta ƙananan yara ce, kuma ba ruwanta da zancen saurayi da budurwa. Yaro yakan zo da kwalin takalmi da ya liƙe da takarda mai launi, ya tsaga murfinsa, sai a zagaya aji kowa na jefa kati a kwalin kowa. Malamai da yawa sukan aika wa iyaye jerin sunayen 'yan ajin da sharaɗi guda: in za ka kawo, ka kawo wa kowa. Wannan sharaɗin shi ne ginshiƙin al'adar, kuma a kansa nake ganin iyayen da ke zama da 'ya'yansu su haɗa kati a gida, ba tare da alewa ko cakulan ba, su ne suka fi kama gaskiyar lamarin.

Alewa tana karya wannan sharaɗi ba tare da an lura ba. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ƙiyasta cewa yaro 1 cikin 13 yana da borin jini na abinci, wato kusan yara biyu a kowane aji. Dokar ƙasar ta 2004 ta tilasta a rubuta abubuwa takwas masu tayar da shi a jikin kwali, ciki har da gyaɗa, madara, ƙwai, alkama da waken soya, sannan aka ƙara riɗi daga farkon 2023. Sai dai ƙananan ƙunshin da ake mannawa a kati galibi an zaro su ne daga babbar leda, bayanin kuwa ya tafi da ledar. Yaron da gyaɗa za ta iya shaƙe wa numfashi dole ya kai kwalinsa gida a rufe, uwa ta tsince, ta zubar da rabi. An ba shi, amma bai samu ba. Haka ma 'ya'yan Musulmi, har da na Hausawan Bronx a birnin New York, domin yawancin alewa mai danƙo ana haɗa ta da sinadarin gelatin, wanda sau da yawa daga alade ake samo shi.

Za a ce ai rana ɗaya ce, zaƙinta ba zai ruɓar da haƙori ba. Da gaskiyarsu, shi ya sa hujjar sukari ba ita ce babba a wurina ba. Amma a yi lissafi: ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka ta ba da shawara a 2016 cewa kada ƙarin sukarin yaro ya kai giram 25 a yini, kimanin ƙaramin cokali shida. Ajin mutum ashirin da biyar, kowa ya jefa ɗaya, an wuce nan tun kafin a tashi.

Suka mafi nauyi a kan katin gida ita ce ta ɗawainiya. Abin da aka fara don sauƙi ya koma gasar iyaye mata a Pinterest da Instagram: kati mai ƙyalli, rubutun inji, ƙaramar ledar kyauta da aka ɗaure da zare. Uwar da ke aikin dare a asibiti ba ta da wannan lokacin, kuma kwalin kati na kanti ya fi mata arha. Wasu kuma sun musanya alewa da tarkacen roba da zai ƙare a kwandon shara kafin mako ya zagayo, an gudu ba a tsira ba. Wannan sukar ta zauna daram, amma a kan katin da uwa ta yi ta sa sunan ɗanta. Harkar kati ta kasuwa ta daɗe, tun shekarun 1840 da Esther Howland ta fara haɗa su da yawa a Worcester ta jihar Massachusetts, kuma babu uwar da za ta ja da masana'anta wajen ƙyale-ƙyale. Abin da kanti ba ya sayarwa shi ne ɗan shekara shida ya zauna da almakashi, ya yanka zuciya a karkace, ya rubuta sunaye ashirin da biyar ɗaya bayan ɗaya, har da na wanda suka yi faɗa jiya.

Kayan aikin ma suna nan a gida. Guntayen kalar kaki da yara suka kakkarya, a ɓare takardarsu, a zuba a mazubi mai siffar zuciya, a sa a tanda da wuta kaɗan kamar minti goma sha biyar, su narke su haɗe su zama kala ɗaya mai launi barkatai. Fensir da aka soka ta tsakiyar kati ya isa, haka ma takardar sa alama a littafi, ko 'yar ambulan ta irin fure. Sai dai rashin alewa ba ya nufin an kuɓuta gaba ɗaya: ƙullun wasa na Play-Doh akwai alkama a cikinsa, balan-balan na roba yana tayar wa wasu yara borin jini, ƙananan duwatsun ado kuma ƙanin da ke rarrafe a gida zai iya haɗiyewa. Saboda haka kafin a ɗauko almakashi, a tambayi malamar aji abin da makarantar ta hana.