Sabuwar kwamfutar hannu: Wanda ya riga kowa saye shi ke biyan kuɗin gwaji

Duk lokacin da aka fitar da sabuwar kwamfutar hannu, wato tabulet, akwai waɗanda hankalinsu ba ya kwanciya sai sun riƙe ta. Wasu ma oda suke bayarwa a kawo musu daga Dubai tun kafin kaya su wadata a kasuwar waya ta Farm Centre da ke Kano. Sai dai mai irin wannan gaggawa yakan biya farashi mafi tsada a kan na'urar da ba a gama gano aibunta ba.

A watan Yulin 2011 kamfanin HP ya fitar da TouchPad a Amurka a kan dala 499. Ba a cika wata biyu ba ya sanar da daina ƙera ta, aka karyar da ragowar a kan dala 99. Wanda ya saya a makon farko ya yi asarar dala 400, ga shi kuma an bar shi da manhajar webOS da masu ƙirƙirar manhajoji suka juya wa baya.

Wani zai ce ai wannan kamfani ne da ya gaza a harkar. To, Apple fa? iPad ta uku ta fito a Maris 2012, zuwa Oktoba an sanar da ta huɗu, wadda ta fi ta sauri kuma ta zo da sabon bakin caja na Lightning. Cikin wata bakwai sabuwa ta koma tsohuwar yayi. Ita kuwa iPad ta farko ta 2010 ko kyamara ba ta da ita, kuma tun 2012 aka daina sabunta mata manhaja.

A Najeriya lamarin ya fi ciwo. Na'urar da aka shigo da ita a jaka sau da yawa garantinta ba ya aiki a nan. Idan gilashi ya fashe, mai gyara zai ce kayanta ba su iso ba tukuna, in kuwa ya yarda ya buɗe ta, a kanta zai koyi aiki. Hatta kaba da gilashin kariya sai an jira.

Ba kowa ne ya kamata ya jira ba. Mai zanen da ke cin abinci da alƙalamin na'urar, ko mai sharhi a kanta a YouTube, yana iya mayar da kuɗinsa. Amma ɗalibin da zai karanta littattafai, ko uwar da za ta kunna wa yara karatun Alƙur'ani, samfurin bara zai yi musu wannan aiki tsaf, ga farashinsa ya sauka, ga kayan gyaransa a shagunan Farm Centre.