Fashewar Taya: Sakaci Kafin Tsautsayi

Da zarar bazara ta kama, kwalta ta ɗau zafi, sai a riƙa ganin yagaggun tayoyin tireloli warwatse a kan hanyar Kaduna zuwa Kano. Akan ce tsautsayi ne, alhali kuwa galibi sakaci ne ya share masa hanya.

Tayar da iskarta ta gaza, aka kuma lafta mata lodi, lanƙwasa take yi har ta yi zafi ta fashe. Haka nan taya tana tsufa ko da mota na ajiye, kamar motocin ma'aikatu da kan shekara a gareji. Shekarunta kuwa suna rubuce a gefenta: 2519 na nufin an ƙera ta a mako na 25 na 2019.

Saboda haka wajibi ne direba ya auna iska da safe kafin ya kama hanya. In taya ta fashe, ya riƙe sitiyari gam, kada ya danna birki da ƙarfi. Wadda ta yage a gefe ba ta faci, sai canji.

Ya kamata Hukumar Kiyaye Haɗura, wadda aka kafa a 1988, ta tsananta binciken tayoyi tun daga tasha. Masu sayen tayar gwanjo kuwa su tuna, araha ba ta ado.