A Buɗe Bakin Mutanen Gure a Duba

Duk ranar 20 ga Maris, ranar lafiyar baki ta duniya, shawara ɗaya ake nanata mana: kowa ya riƙa zuwa wurin likitan haƙori a kai a kai, don a gano ciwon dajin baki tun yana ƙarami. Maganar gaskiya ce. Amma ina so mai ba da ita ya zo Gure, ya hau motar kasuwa zuwa Kelle ko Bune ko Gidigir, ya faɗa wa makiyayi haka ido da ido. Likitocin haƙori a Nijar ƴan kaɗan ne, yawancinsu kuma suna Yamai da manyan birane. Daga Gure zuwa Damagaram wajen kilomita 170 ne. Wa zai sayar da akuya ya biya kuɗin mota don a duba masa bakin da ba ya yi masa ciwo?

Abin da ke ƙona mini rai shi ne, wannan ciwo ba ya ɓuya. Ba a hanta yake ba, ba a huhu ba. Yana fitowa a gefen harshe, ko ƙarƙashinsa, ko cikin kunci, ko a dasashi, inda ido ke iya gani. Gyambon da ya wuce mako biyu bai warke ba, farin tabo ko ja da ba ya gogewa, ƙullutu a baki, kaluluwa a wuya da ta ƙi sacewa, haƙorin da ya fara girgiɗi ba dalili: duk wanda aka koya wa zai gane su da tocila da safar hannu cikin ƴan mintoci. Duk da haka, a shekarar 2022 kaɗai mutum kusan 390,000 suka kamu da shi a duniya, kusan 188,000 suka mutu. A Amurka, inda ake ƙidaya, fiye da takwas cikin goma na waɗanda aka gano nasu da wuri suna raye bayan shekara biyar. In ya riga ya bazu nesa a jiki, wajen huɗu cikin goma ne.

Kada wani ya ce mini sai an jira likitoci sun wadata. A jihar Kerala ta Indiya, tun daga 1996, an horar da ma'aikatan lafiya waɗanda ba likitoci ba, suka bi gida gida suna leƙa bakin mutane da fitila. Sakamakon da mujallar Lancet ta buga a 2005 ya nuna mutuwa daga wannan ciwo ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku tsakanin masu ta'ammali da taba ko giya. Shekara ashirin ke nan da sanin haka. To me ya hana majo, ma'aikacin jinya a ƙaramin asibitin ƙauye (CSI), wanda ke auna hawan jini da zafin jiki, ya ce wa dattijo: "Baba, buɗe baki in gani"? Ba na ganin laifin majo, shi da ke fama da layin marasa lafiya shi kaɗai. Masu tsara horonsa da takardun aikinsa nake tuhuma, domin su ne suka bar baki kamar ba a jikin mutum yake ba. Kuma a nan jihar Damagaram mun riga mun ga amfanin leƙa baki: ƙungiyar Sentinelles ta daɗe tana yaƙi da ciwon noma da ke cinye fuskar yara, kuma babban darasin aikin shi ne a lura da dasashin yaro kafin kunci ya huje. Idon da aka koya wa duba bakin yaro zai iya duba na kakansa.

Mu ma da namu laifin, kuma ba ƙarami ba ne. Ƙasarmu ta kanwa ce; daga kwaruruwan Manga ake haƙo ta. Dubi yadda dattawa, har da tsofaffin mata, ke haɗa garin taba da kanwa ko toka su danna a kunci, su wuni da ita, kullum a gurbi guda. Wai ai ba hayaƙi suke zuƙa ba, saboda haka ba illa. Ƙarya ce. Tabar da ake tsotsa tana ɗauke da sinadaran da ke haddasa ciwon daji, kuma sau da yawa a daidai inda ake ajiye ta tabon ke fara fitowa. Matasa kuwa sun rungumi sigari da shisha. Nijar ta kafa dokar yaƙi da taba tun 2006, amma a je kasuwar Gure a nemi wanda aka taɓa gaya masa cewa tabar kunci ma kisa take yi.

In gyambon ya fito, sai a ce zafi ne, ko sanyi, ko sammu. A sayi kafso wurin mai talla, a fasa a barbaɗa. A je wurin wanzami ya sa ƙarfe. Mafi muni ita ce maganar nan da ta kashe mutane da yawa, wai daji ba ya son allura, in aka taɓa shi a asibiti sai ya harzuƙa. Jinkiri ne ke harzuƙa shi. Sai baki ya fara wari, mutum ya kasa haɗiye ko da koko, ya koma rufe fuska da rawani don kunya, sannan ƴan'uwa su yi karo-karo a nufi asibiti. A lokacin kuwa sai dai Yamai, tafiyar fiye da kilomita dubu, domin can cibiyar yaƙi da ciwon daji ta ƙasa take, wadda sai a 2021 ta fara gashin ciwon da na'ura.

Ina kira ga hukumomin lafiya na Gure da na jiha: a sa duban baki cikin aikin kullum na kowace CSI ga duk baligin da ke shan taba ko tsotsar ta. A faɗi alamomin a rediyon gari da Hausa da Barbarci da Fillanci da Tubanci da Buzanci, limamai su ambace su ranar Juma'a. A riƙa turo likitan haƙori daga Damagaram ranar kasuwa ko da sau ɗaya a wata. Wanda aka ga tabo a bakinsa kuma, a ba shi takarda da ranar da za a ɗebi naman a auna a Babban Asibitin Damagaram, a rubuta sunansa da lambar wayarsa, a neme shi in bai je ba.