Asalinmu Yana Bakin Tsofaffi

Kwanakin baya na je ta'aziyyar wata gyatuma a Maruta, cikin Ƙaramar Hukumar Gwaram. Bayan an share makoki, dangi suka zauna rabon wata gona da ba a taɓa rabawa ba tun zamanin kakanni. Nan take magana ta cije a kan tambaya guda: su wane ne 'ya'yan mai gonar na farko? Duk wanda aka waiwaya sai ya ce, "Ai marigayiya ce ta sani." A zauren akwai likita, akwai lauya, ga ni malamin jami'a, amma babu wanda ya iya wuce sunan kakan mahaifinsa.

Abin mamaki, a daidai wannan lokaci 'yan bokonmu na aika yawunsu ga kamfanonin gwajin ƙwayoyin halitta na Amurka don neman asali. Babban abin da sakamakon kan nuna shi ne kashi kaza na jininka daga yankin kaza yake. Ba ya faɗin sunan kakanka, balle ya raba gardamar gado. Ga kuma haɗari: a 2023 an yi wa kamfanin 23andMe kutse, aka taɓa bayanan mutum kusan miliyan 7, sannan a 2025 ya shigar da takardun karyewa a kotu.

A matsayina na ɗalibin harshe, ina ganin matsalarmu ta faro ne daga suna. Bahaushe ba shi da sunan zuriya mai ɗorewa. Sunan uba kan sauya da kowane ƙarni. Da boko ya zo, sai aka riƙa liƙa wa yaro sunan garinsu. Dubi Ali Sa'adu Birnin Kudu, gwamnan farar hula na farko a Jigawa a 1992: ƙarshen sunan gari ya nuna, bai nuna gida ba. Sai kuma alkunya. Mace ba ta kiran sunan miji ko na ɗan fari, don haka Tanko da Ɗanjuma da Ladi su wanzu, sunan yanka ya ɓace. Tsagar gado, wadda a da take bayyana dangi, tana shuɗewa. Harshen Auyokawa da na Teshenawa sun mutu a wannan jiha tamu, kuma duk harshen da ya mutu yakan tafi da kirari da labaran ƙaura na masu shi.

Duk da haka, ba a rasa madogara ba. Kafin a ƙirƙiri Jigawa a 1991, Birnin Kudu da Gwaram suna ƙarƙashin Kano ne, saboda haka mai bincike Kano da Kaduna zai dosa. A Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna akwai rahotannin da Turawan mulki suka rubuta kan gundumomi domin haraji da jangali, waɗanda kan ambaci dagatai da inda jama'arsu suka fito. Akwai Gidan Arewa, wanda aka kafa a 1970, da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Kano a Gidan Ɗan Hausa. Shirin ceton takardu na Laburaren Birtaniya, da ya fara a 2004, ya ɗauki hotunan wasu takardun Arewa ya ɗora a intanet kyauta. Mafi amfani ga talaka su ne tsofaffin littattafan kotunan alƙalai, domin shari'ar gado kan lissafa magada da sunayensu, maza da mata.

Sai dai a yi hattara. Bature ta bakin tafinta ya ji, kuma galibi masu sarauta ya tambaya. Mu ma muna da namu rauni: kowa so yake a ce kakansa daga Gabas ya zo. Binciken asali da aka gina a kan alfahari tatsuniya ce. Wanda ya gano cewa kakansa maƙeri ne ko Bawarje ko mai kiwo, to ya rubuta hakan da jin daɗi.

Shawarata biyu ce. Ta farko gare ka ce, mai karatu. Idan ka je gida da Sallah, ka zauna da tsohuwar da ta fi kowa shekaru, ka kunna na'urar ɗaukar murya ta wayarka. Ka tambayi sunan yanka da laƙabi, da dangin uwa, da garin da aka taso da dalilin tasowa. Ka rubuta, ka raba wa 'yan'uwa. Ta biyu, Masarautar Dutse da Jami'ar Tarayya ta Dutse su haɗa hannu da ma'aikatar shari'a, a tattara littattafan kotuna a ɗauki hotonsu tun gara ba ta riga mu ba.

Gonar Maruta tana nan ba a raba ba, har 'yan'uwa sun fara daina gaisawa. Hausawa sun ce da zafi-zafi ake bugun ƙarfe. Allah Ya sa mu farga tun tsofaffinmu na raye.