Yaron da ya wuce goyo

Bayan da 'yan bindiga suka fara koro mutanen Sakkwato, Zamfara da Katsina zuwa yankin Gidan Rumji na Nijar a 2019, Cadakori ta zama ɗaya daga cikin wurare uku da HCR, hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta tsugunar da su nesa da iyaka, tare da Garin Kaka da Ɗan Dajin Makau. Cikin baƙin akwai yaran da suka rabu da iyayensu a hanya. Jariri ba ya rasa mai goya shi. Mai wuyar samun gida shi ne ɗan shekara sha biyu, wanda idonsa ya ga abin da ya gani, kuma bakinsa ba zai iya ce wa baƙo baba ba.

Ruwanda ta sha fama da irin wannan bayan kisan kiyashin 1994. A 2012 aka ƙidaya yara da matasa 3,323 a gidajen marayu 33, aka tarar da yawansu suna da dangi a raye, wasu ma har sun balaga a ciki. Gwamnati ta yanke shawarar rufe gidajen ta mai da yaran hannun iyalai. Ma'aikata suka riƙa bin sawun dangi, ana kai yaro ziyara kafin ya tare. Wanda ba a samo nasa ba, sai a ba wani magidanci amanarsa.

Wani zai ce ai mu mun riga su, riƙo gadonmu ne. Gaskiya ne. Addini ma ya shimfiɗa mana hanya: ba a sauya wa yaro sunan ubansa, ba ya cin gadon mai riƙonsa, amma ana iya yi masa wasiyya har sulusin dukiya. Sai dai mu faɗa wa kanmu gaskiya. Sau da yawa idan aka yi saurin karɓar yarinya babba, turmi da tulu da farantin talla ake hange. Namiji kuma kiwo da gona. 'Ya'yan gida su tafi makaranta, ɗan riƙo ya bi awaki. Maƙwabta suna gani, amma wa zai shiga sha'anin gidan wani?

Nan ne Ruwanda ta fi mu. Ta sa kowane ƙauye ya zaɓi mutum biyu, mace da namiji, da ake kira Inshuti z'Umuryango, aikinsu leƙa gidaje da kai rahoto sama idan yaro yana cikin wahala. Mai riƙo ya san wani zai zo ya tambaya.

Wannan bai fi ƙarfin Cadakori ba. Maigari da liman su tsayar da dattijo ɗaya da dattijuwa ɗaya a kowace unguwa, magajin gari ya buɗe littafin sunayen 'yan riƙo. Duk wata su zaga, su keɓe da yaron ba a gaban mai gida ba, su ji ko yana zuwa makaranta, a ina yake kwana, an yi masa takardar haihuwa, kuma har yanzu ana cigiyar danginsa a Sabon Birni ko Isa, can jihar Sakkwato.